Ɗakin Taibatu Bisa Duwatsu

Kai mai karatu, ka bi hanyar Mafara zuwa Bakura ya fi sau goma tun da aka saki ruwan Bakolori a kanal. Ka ga koren alkama ka ce madalla. Gidajen da ke gefe, waɗanda gindin katangarsu ya jiƙe yana marmashewa, ka gan su sarai, ka kau da kai ka ci gaba da ɓarar gyaɗarka. To, saurara.

A wata unguwa bakin kanal akwai Tukur, maginin rumbu, gado ya yi. Sau biyu ɗakin matarsa Taibatu yana rushewa, domin ruwa na tsattsafowa ta ƙarƙashin ƙasa yana cin tubali rani da damina. Na biyun har ya danne mata jeren kwanoni. Ran nan ta ɗaure kallabi ta ce:

"Maigida, in hadarin hwarko ya iske ni ba ɗaki, garinmu Tsibiri za ni da ɗiyana. Gidan ubana bai taɓa hwaɗo ma kowa bisa kai ba."

Tukur ya san ta, ba ta magana biyu. Ya zagaya gidan yana susar ƙeya. Zaure ya tsage, nasa ɗakin ma da azara aka tokare shi. Abu ɗaya ne tsaye ƙyam: rumbun lakar da ya gina shekara tara baya, zaune bisa duwatsu, kaji na shan inuwa a ƙarƙashi.

"Ashe gero ya hi mu wayo," in ji shi.

Sai ya ƙudura gina mata ɗaki irin ginin rumbu. Ya yi jigilar duwatsu da jaki, ya jera su, ya shimfiɗa itacen ƙirya a kai. Ya kwaɓa laka da ciyawa ya dinga ɗorawa zagaye-zagaye kamar mai ginin tukunya, kowane zagaye sai ya sha iska kafin na gaba. Babu tushe, babu lungu, babu tubali ko ɗaya. Ya fasa ƙofa a gefe da matakala uku, ya bar baki a sama da jinkar da ake ɗagawa da sanda in zafi ya matsa.

Maƙwabcinsa Ɗanasabe mahauci ba ya wucewa shiru. "Tukur, dami nawa kake? Ta sama za a zuba ka ko ta gehe?"

"Tahi ka tokare naka, sarkin azara," in ji Tukur, don ɗakin Ɗanasabe ma a tokare yake.

Ranar da aka gama, Taibatu ta zo da ƙullinta, ta ɗora ƙafa a matakala. Sai ga Gwaggo, ƙanwar mahaifin Tukur, tana buga sanda a ƙasa.

"Ke! Mi za ki yi? Tun da nike ban ga mace ta leƙa rumbun miji ba, balle ta kwana ciki. Albarkar hatsi guduwa takai!"

"Gwaggo, ɗaki ne fa," in ji Tukur.

"Bisa duwatsu yake? Kai ka gina? To rumbu ne."

Taibatu ta janye ƙafa. Ba tsoron Gwaggo take ba, amma ta san in gero ya ƙare kafin kaka, a kanta za a ɗora. Ta koma ta fara ɗaure sauran kaya. Gabas kuwa ta soma yin baƙi.

Tukur ya tsuguna gaban tsohuwar. "Gwaggo, ɗan rumbun nan naki na gayauna, wa ke shiga?"

"Ni mana."

"Namiji hwa?"

"Ya leƙa ya gani!"

Nan take ya kira Ɗanasabe da liman, ya raba goro, ya ce su shaida ya ba Taibatu ginin kyauta, daga duwatsu har jinka. Gwaggo ta tauna goro, ta juya maganar ta ga ba ta da ƙofa. "In nata ne, ta shiga."

Da la'asar aka kece da ruwa. Ya bi ta ƙarƙashin ɗakin Taibatu ya wuce abinsa, ya je ya kwantar da na Tukur. Tukur ya zo a jiƙe ya tsaya a matakala ya yi sallama.

"Wane ne?"

"Ni ne, mai ginin."

"Ayya, Maigida. Namiji ba ya leƙa rumbun mace."

Daga can ciki muryar Gwaggo ta fito, ashe tuni ta shimfiɗa tabarmarta: "Gaskiya ta hwaɗi."

Sai da ya yi alkawarin gina wa Gwaggo nata aka miƙo masa zani ya goge kai. Ba wanda ya sake ambaton Tsibiri.

Ku masu takardar makarantar gini, kuna can kuna zana akwatunan siminti da talaka ba zai iya saye ba. Kai nake nufi. Ɗauki abin awonka ka zo ka zauna gaban Tukur ka koya, kuma kafin damina mai zuwa ka ɗaga ɗaki ko guda ɗaya daga ƙasa a unguwarku.