Minti Uku na Muryar Bahijja

Ɗayyabu ya tura ƙofar da ya sani, sai ya tarar da buhunan siminti da karyayyun kujeru.

"Baba, wa kake nema?" in ji wata mata mai shara.

"Ajin Faransanci. Nan na kawo 'yata."

"Yaushe ke nan?"

"Shekara shida."

Matar ta yi dariya, ta nuna da tsintsiya. "Ai sun daɗe da tashi. Ga su can, benen nan mai tutoci."

Ya gyara riƙon ledarsa ya nufi wurin. Ƙaramin rediyo ne a ciki, irin mai cin memori, wanda yake jin karatun Alƙur'ani da shi a rumfarsa ta hatsi a Babura. Tun bayan sallar asuba ya fito, ya sake mota a Kazaure, ko ruwa bai sa a bakinsa ba.

Lokacin da ya kawo Bahijja jami'ar nan, sashen harsunan waje ɗaki biyu ne a bayan ɗakin karatu. Ɗalibai goma sha ɗaya, malamai biyu, fanka ɗaya mai ƙara. Ba don son boko ya bar ta ta zo ba. Shekara talatin yana cinikin gero da wake da mutanen Nijar, takardun kan iyaka duk da Faransanci suke, sai dai ya karɓa ya cusa aljihu. Ya ce ta je ta koyo, ta dawo ta riƙa karanta masa. Amma in ta zo hutu tana bita a tsakar gida, tsawa yake yi mata: ta daina cika musu kunne da yaren aljanu.

Ta gama, ta dawo gida, zazzaɓi ya kwantar da ita kwana tara. Wata takwas ke nan da binne ta.

Wayarta ta rage, a kulle da lambobin sirri. Shi da kansa ya kai wa mai gyara a Kazaure. Mai gyaran ya ce in aka buɗe ta da ƙarfi komai zai goge. Ɗayyabu ya ce a buɗe, waya ai don kira aka yi ta. Sai da ya dawo gida matarsa Fatu ta tambaye shi ina saƙonnin murya da yarinyar take aika wa ƙawayenta. Tun ranar Fatu ba ta sake yi masa maganar ba. Abinci ma sai an matsa mata. Makon jiya tana kwance ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Malam, fuskarta ina gani. Muryar ce ta fara ɓace mini."

Wata ƙawar Bahijja ce ta ce a sashensu ana ɗaukar muryar kowane ɗalibi lokacin jarrabawar baka. Abin da ya kawo shi ke nan.

Gindin benen cike yake da rumfuna da kujerun roba. Makon harsuna ake yi. Wasu ɗalibai suna wasan kwaikwayo da Larabci, wasu 'yan mata sun yi layi suna rera waƙa da Sinanci, ana ta tafi. Ɗayyabu ya ratsa ta tsakiyarsu bai ce wa kowa sannu ba.

A hawa na biyu sakatariya ta tare shi. An rubuta Sadiyya a kan teburinta.

"Baba, shugaban sashe yana da baƙi. Jibi za ka dawo."

"'Yar nan, daga Babura nake. Jibi ban san wa zai kai ba. Ki ce masa uban Bahijja Ɗayyabu ne."

"Aji nawa take?"

"Ta rasu."

Sadiyya ta ajiye biro ta shiga ciki. Ba a jima ba Dakta Madu ya fito da kansa, ya yi ƙiba, furfura ta cika masa gemu. Shi ne malamin da ya karɓi takardunta a ɗakin nan mai fanka ɗaya. Ya riƙe hannun Ɗayyabu da hannu biyu ya yi masa ta'aziyya. Ɗayyabu bai tsaya dogon bayani ba, ya faɗi abin da ya zo nema.

Dakta ya kai shi wani dogon ɗaki mai sanyi, kwamfutoci sittin a jere, kowace da abin sawa a kunne. Ya ce yanzu ɗalibansu sun haura ɗari huɗu, harsuna biyar, baɗi za su fara digiri na biyu.

"Allah ya ƙara," in ji Ɗayyabu. "A wacce kwamfutar muryarta take?"

Dakta ya ce, "Alhaji, na'urorin nan duk ƙarshen shekara ake share su, don a samu wurin 'yan baya. Mun yi yawa. Na ajinsu an share tun bara."

"An share."

"An share."

Ɗayyabu ya dubi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya. Shi ma abin da ya yi ke nan a Kazaure. Ya ce, "To, na gode, Malam," ya juya.

Ya kai bakin matakala Dakta ya kira shi. "Tsaya. A shekararsu ta farko ba mu da wannan ɗakin. Da 'yar rakodata nake ɗaukar su."

Suka koma ofis. Dakta ya bar baƙinsa suna jira, ya durƙusa gaban kabad yana fito da tsofaffin fayiloli da kwalayen alli, har ya zaro rakodar, an ɗaure murfin batirinta da roba. Ya jona ta da kwamfuta. Sunaye goma sha ɗaya suka fito. Nata ne na huɗu.

Ƙarar fanka ta fara fitowa. Sai muryar. Ɗayyabu ya dafa tebur. A hankali take magana, tana tsayawa, tana jan numfashi. Ya tsinci Babura, ya tsinci Jigawa, sauran duk bai san su ba. Can tsakiya ta yi tuntuɓe, ta yi 'yar dariya ta ce da Hausa, "Malam, tsaya in sake." Ta sake. Minti uku, ya ƙare.

"Me ta ce?"

"Sunanta, da garinsu, da shekarunta. Sai ranakun mako. Sai launuka. Sai ta ƙirga daga ɗaya zuwa ashirin."

"Shi ke nan?"

"Darasin farko ne, Alhaji."

"Ba ta ambaci uwarta ba?"

"Ba mu kai darasin iyali ba a lokacin."

Ɗayyabu ya ciro memorin daga rediyonsa ya miƙa. "Sa mini a nan. Kada ka taɓa karatun da ke ciki."

A mota, daga jami'a har Kazaure, daga Kazaure har Babura, ƙarya yake shiryawa. A kasuwa an san shi, in wake ya yi ƙwari zai ce ya yi ƙwari ko da nasa ne. Amma ba zai iya gaya wa Fatu cewa ranakun mako ya kawo mata ba. Zai ce yarinyar tana gaishe ta. Zai ce ta ce tuwon Inna take marmari. Ya maimaita a ransa har ya zauna masa.

Da la'asar sakaliya ya shiga gida. Fatu tana kwance a tabarma a inuwar ɗaki, kwanon kunu a gefenta a rufe. Bai yi mata bayani ba. Ya ajiye rediyon kusa da kanta ya danna.

Da muryar ta fito, Fatu ta tashi zaune. Ta ɗauki rediyon ta kara a kunne. Ba ta yi kuka ba. Ɗayyabu yana tsugune, maganarsa a shirye a bakinsa, yana jiran tambaya.

Minti ukun suka ƙare. Fatu ta daɗe tana kallon rediyon.

"Mura take yi ranar," in ji ta. "Ji hancinta a toshe. Kuma ba ta gaya mini ba."

Ɗayyabu ya haɗiye abin da ya shirya.

"Ina ake dannawa?" ta ce.

Ya kama yatsanta ya ɗora a kan maɓallin.