Sandar Lall Ba Ta da Tabo

Shekara arba'in Anti Doolarie ta yi tana jin labarin maki ɗari da mijinta Lall ya ci a wasan kurket a birnin Georgetown, har ta haddace shi tsaf. Saboda haka da kulob ɗin kurket na ƙauyensu a Berbice ya shirya gwanjon tsofaffin kayan wasa don a saya wa yara takalma da ƙwallaye, sai ta sauko da sandar marigayin daga kan kabad. Duk Lahadi yakan shafa wa sandar nan mai, gatan da ita kanta ba ta samu ba.

A teburin gwanjo aka jera ta da sauran sanduna, nan idonta ya ga abin da bai taɓa lura da shi ba. Kowace sanda ta sha duka, duk jajayen tabo, wata ma an ɗaure ta da zare. Ta Lall kuwa sumul, kamar sabon faranti. Ita ko Doolarie ba ta iya ganin tukunya a rufe ta wuce.

Ta sami Cuthbert, tsohon abokin wasan Lall, a gindin mangwaro.

"Cuthbert, in jar ƙwallon nan ta daki sanda, tana barin tabo?"

"Sosai ma, matarmu."

"To maki ɗari, tabo nawa ke nan?"

Cuthbert ya yi tari, ya duba sama kamar amsar tana can.

"Ruwa aka yi," in ji shi. "Kekensa ya sayar ya sayi sandar don gwajin shiga babbar ƙungiya. Kwana uku ana tafka ruwa, ko ƙwallo ɗaya ba a jefa ba. Ba su sake kiransa ba, ya koma saran rake."

"Ɗarin fa?"

"A jirgin fito ya ci su da baki, muna komawa gida. Da talatin ya fara, kafin mu haye kogi sun cika."

"Kun sani, ja'irai?"

"Kowa ya sani ban da ke. Ai ke yake son burgewa."

Haushi ya kama ta, sai kuma tausayi ya danne shi. Tana tsaye mai gwanjo ya ɗaga sandar yana cewa, "Ga wadda ta ci ɗari a Georgetown!" Ba za ta sayar da ƙarya ba, ba kuma za ta kunyata Lall a kabarinsa ba.

"Sauke, ɗana, ba ta sayarwa ba ce," in ji ta. "Yara za su buga da ita. Amma mai son ya jefa mata ƙwallo, dalarmu ta gida dubu biyar."

Tsofaffi suka yi layi, Cuthbert a gaba da gwiwarsa mai ciwo. Aka miƙa sandar ga Shondell, kyaftin ɗin 'yan mata. Cuthbert ya jefa, ta maka, ƙwallo ta faɗa gonar rake, aka ce maki shida ne.

Doolarie ta karɓi sandar, ta shafa jan tabon da babban yatsa, hawaye na zubo mata.

"Saura casa'in da huɗu, Lall," in ji ta.