Wa Ya Riƙe Lamba Goma

Ƙarfe tara da minti goma, ɗalibai tamanin na zaune gaban kwamfutoci tamanin, kuma ko tambaya ɗaya ba ta fito a allo ba.

Tambayoyin suna cikin kwamfutar mai sa ido, matar da hukumar jarrabawa ta turo. Ta ɗora agogonta a kan tebur.

"Injiniya, tara da rabi in ba a fara ba, zan rubuta cewa cibiyar nan ta gaza. Sai a kai yaran wani wuri."

Injiniya ta gyaɗa kai. Watanta ɗaya a aikin. Wanda ta gada, wani dattijo, da hannu yake ba kowace kwamfuta lambar da ake gane ta da ita a layin sadarwa, ya rubuta a guntun takarda ya manna a gindinta. Ranar Asabar ta ɓare takardun duka, ta saita akwatin sadarwa ya riƙa raba lambobin da kansa. Ta gwada, komai ya tafi daidai.

Abin da ba ta gwada ba shi ne kwamfutar hukuma, wadda mai sa ido ta zo da ita. Ita lambarta a kafe take, goma, ba a taɓa ta, kuma can kwamfutocin ɗalibai ke zuwa neman tambayoyi. Yanzu ga saƙo a allon matar: wata na'ura tana amfani da wannan lamba.

Sai a lokacin ta gane dalilin da ya sa takardun dattijon suka fara daga ashirin da ɗaya. Lambobin ƙasa ya ware su ne saboda irin kwamfutar hukuma. Ita ko ta sakar wa akwatin duka.

Mai cibiyar ya faɗo ɗakin, waya a hannu, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa.

"Ke! Shekara bakwai tsohon nan yana manne-mannensa, ba mu taɓa jin kunya ba. Kika zo da zamaninki!"

"Yallabai, minti biyu."

"Iyaye na bakin ƙofa, ke kina ce mini minti biyu?"

Ta buɗe jerin na'urorin da akwatin ya ba lamba, tana bi da yatsa. Wata ɗaliba a layin gaba ta kifa kai a kan tebur. Ƙarfe tara da minti ashirin da biyu.

Takwas. Tara. Goma. A gefenta an rubuta: *Wayar Babban Oga*. Mai cibiyar ke nan; da sassafe yake zuwa kullum, wayarsa ta riga kwamfutar hukuma karɓar lambar.

"Yallabai, don Allah a kashe wayar nan."

"Ni kike ba umarni?"

"Kashe ta, bawan Allah," in ji mai sa ido, idonta na kan agogo.

Ya kashe. Injiniya ta zare igiyar kwamfutar hukuma ta mayar. Allon farko ya kawo tambaya, sai na biyu, sai layi bayan layi.

A baranda, mai cibiyar ya tsaya yana jujjuya wayarsa, muryarsa ta yi ƙasa.

"Wato laifina ne?"

"Na wanda ya ba wayar lambar ne."

"Wa ya ba ta?"

Ta kau da kai.

"Akwatin ne ke rabawa da kansa, Yallabai."

Ya leƙa ta taga, ya harari akwatin, ya yi tsaki.