Giwar Tsohon Lambu

A gida Auta ake kiranta, ko da yake furfura ta riga ta leƙo ta gefen ɗankwali. A ofishin majalisar birni kuwa Madam ce, mai riƙe da teburin tsare-tsare na sashen lambuna da wuraren wasa. Ɗakinta yana ƙarshen baranda, kusa da inda ake jibge karyayyun kujeru, fankar sama tana juyi tana kuka kamar mai ciwon gwiwa. A nan take zama duk lokacin kasafi, tana rarraba ɗan abin da aka ba sashensu tsakanin filayen ƙwallo da famfunan ban ruwa da fitilun da ba sa daɗewa suke mutuwa.

Majalisar tana da wata ɗabi'a da kowa ya sani, amma ba wanda ya taɓa rubuta ta. Kuɗin gyara ba ya tsallake zaman kwamiti. Sabon aiki shi ke wucewa, domin shi ake yanka wa ƙyalle, a ɗauki hoto, a kafa allo mai sunan kansila. Ba a taɓa kiran mai hoto don an toshe yoyon tanki ba. Shi ya sa shekara da shekaru Auta tana saka gyaran Tsohon Lambu, ana soke shi da jan biro, ta sake sakawa, a sake sokewa. Bana abin ya wuce nan. Sashen sufuri ya nemi a ba shi filin ya mayar da shi wurin ajiye motoci, tun da a cewarsu ba kowa a ciki sai awaki. Hanya ɗaya ta rage mata ta tsirar da lambun: ta shigar da shi a matsayin sabon aiki.

Injiniyan sashen ya shimfiɗa mata zanen a kan tebur, ya danne gefe da kofin shayinta. Ta bi shi da ido a hankali. Ga sabuwar ƙofa, ga hanyoyin tayil, ga lilon ƙarfe da kayan wasa na roba.

"Ina giwa?" ta ce.

"Madam, nan take," ya ɗora yatsa. "Nan za a yi rumfar masu jiran yara."

"Na san inda take, ni na riga ka saninta. Cewa na yi ina take a zanenka?"

Injiniya ya sosa ƙeya. "In Ciyaman ɗin majalisa ya hango tsohuwar giwa a bayansa cikin hoto, cewa zai yi gyara kika shigo da shi ta bayan fage, ya watsar da aikin gaba ɗaya. Kuma tsakani da Allah cikinta ya ruɓe. Rodin duk tsatsa ne."

Ta naɗe zanen ta ajiye a gefe, ta ce zuwa Litinin za ta sa hannu ko ta ƙi.

Giwar ta siminti ce, tana tsakiyar lambun tun kafin a haifi Auta. Ta wutsiya ake hawa, akwai matakala a bayanta, a zauna a kai, a sulalo ta hanci zuwa cikin yashi. Wandunan yaran birnin sun goge hancin nan har yana sheƙi kamar madubi. Asalin launinta toka-toka ne, amma duk fentin da ya ragu a ofisoshin majalisa a kanta yake ƙarewa, ta yi shuɗi, ta yi kore, wata shekara har ruwan ɗorawa ta yi, mutane suka yi ta zuwa kallo. A ƙarƙashin cikinta akwai ɗan lungu inda ake fakewa idan ruwa ya sauko, kuma har yau in Auta ta ji warin jiƙaƙƙen siminti, can hankalinta yake komawa.

Shekarar da mahaifiyarsu ta kwanta doguwar jinya, babansu yana shagonsa na gyaran agogo daga safe har yamma. Yayanta ne yake goya ta zuwa lambun don a bar mara lafiya ta huta. Shi yake tura ta sama, ya zagayo da gudu ya tare ta a ƙasa. Ranar da mahaifiyar ta rasu aka cika gidan da mutane ma, can ya kai ta, suka zauna a ƙarƙashin giwar ba wanda ya ce a yi wasa.

Ranar Asabar ta je gidan Yayan. Tsohon direban bas ne, ya ajiye aiki ya ajiye tumbi, yana zaune a ƙofar ɗaki yana sauraren rediyo. Ko gaisuwa bai bari ta gama ba, ashe maƙwabcinsa masinjan ofishinsu ya riga ya kai masa labari.

"Auta, ke da hannunki?"

"Yaya, ban sa hannu ba tukuna."

"Tukuna! Kin ji ta, wai tukuna. Mu muka sha wahalar kai ki makaranta, ashe karatun rushe giwa kika yi."

"In ban yarda ba, lambun duka zai tafi. Motoci za a jera a wurin."

"To ki ce musu su yi sabon aikinsu su zagaye ta. Ta tare wa wani hanya ne? Ta ci abincin wani?"

"Injiniya ya ce ta ruɓe."

"Injiniya! Wannan da aka haifa jiya? Giwar da ta ɗauki ubansa ita zai ce ta ruɓe?" Ya kashe rediyon ya laluɓo takalminsa. "Tashi mu je. Ni zan hau ta a gabanki. In ta ɗauke ni da wannan cikin, sai ki je ki gaya wa Ciyaman ɗinku ƙarya aka yi mata."

Matarsa ta leƙo daga kicin. "Kai da ko kujera sai an kama ka kake tashi?"

"Ke dai ki kula da tukunyarki."

Da rana ta yi sanyi suka isa. Auta ta daɗe ba ta shiga ba sai dai ta wuce a mota, don ganin wurin yana sa ta jin kamar ta ci amana. Ƙofar ta karkace, an ɗaure ta da waya. Tankin ruwa ya bushe, lilon ya rage sarƙa ɗaya tana reto. Amma itatuwan suna nan da inuwarsu, kuma ba awaki kaɗai ba ne a ciki. Wasu tsofaffi suna hira a kan benci, wata mata tana shayar da jariri, yara kuma sun yi layi a bayan giwar. Ta ga giwar ta ƙanƙance, ko kuwa ita ce ta girma. Kunne ɗaya ya guntule, fentin ya ɓaɓɓare launi a kan launi.

"Ku matsa, manyanku sun zo," in ji Yaya.

Yaran suka dare suna dariya. Ya tattare rigarsa, ya kama wutsiyar, ya ɗora ƙafa. Mataki na farko ya ɗauke shi. Ya waiwayo ya kashe mata ido.

"Kin gani? Ina Injiniyan naki?"

"Yaya, ka sauko haka, na gani."

"Sai na sulalo. Ki je gaba ki tare ni, yau ranar ramuwa ce."

Dariya ta kama ta har ta dafe ciki, abin da ta manta rabonta da yi. Tsofaffin kan benci suka fara yi masa kirari. Yana dab da kaiwa sama sai aka ji wani ɗan sauti kamar an taka busasshen burodi. Matakin ya burma. Ƙafarsa ta shige ciki har gwiwa, ya rungume bayan giwar yana salati.

Da ƙyar ita da tsofaffin suka zaro shi suka zaunar da shi a yashi. Wani rodi mai tsatsa ya tsaga masa ƙwauri, jini yana bin takalmi. Auta ta cire gyalenta ta ɗaure wurin. Shi kuwa bai dubi ciwon ba. Ramin yake kallo, inda garin siminti yake ta zubowa kamar gishiri. Daga nan ya juya ga wata 'yar yarinya da ke bayansa a layi, wadda da ita za ta hau in ya sauka. Ƙafafunta sirara ne, ba takalmi. Ya daɗe yana kallon ƙafafun nan.

"Kada wanda ya sake hawa," ya ce wa yaran, muryarsa ta sauya. "Ku tafi wajen lilo."

"Baba, lilon ya lalace."

Ya miƙa wa Auta hannu, ta ɗaga shi.

A asibitin unguwa nas ta wanke ciwon, ta ɗinke, ta yi masa allurar tsatsa tana tambaya ko faɗuwa ya yi daga babur.

"Daga giwa," ya ce.

Nas ta dubi Auta, Auta ta gyaɗa kai, nas ta ci gaba da aikinta ba ta ƙara tambaya ba. Da ta fita, suka zauna a kan dogon benci a ƙarƙashin fanka, warin magani ya cika wurin.

"Na zaci giwar za ta jira mu," in ji shi can.

"Ta jira, Yaya. Mu ne ba mu zo ba. Da an ba ni kuɗin gyaran nan tun farko..."

"Bar shi. Ki sa musu hannu. Amma itatuwan fa?"

"Suna cikin zanen. Su ba sa ɓata hoto."

Ya yi ɗan murmushi, ya goge ido da bayan hannu, ya ce iskar fankar ce.

Ranar Litinin da safe ta aika a zagaye giwar da igiya, sannan ta sa hannu. A zaman kwamiti ta karanta aikin da muryarta ta kullum, ba ta ɗaga ba, ba ta sauke ba. Ciyaman ya duba zanen, ya tambayi inda za a kafa allo, Injiniya ya nuna masa, ya ce madalla. Wakilin sashen sufuri ya tattara takardunsa yana ƙunƙuni. Lambun ya tsira.

Da ta koma ɗakinta ta rufe ƙofa ta kira Yayan a waya.

"Ya wuce," ta ce.

"To, an gode Allah." Ta ji yana gyara zaman ƙafarsa yana nishi. "Auta, in sun sa ranar da za su kawo katafila, ki gaya mini."

"Za ka zo ne?"

"A'a. So nake in san ranar da ba zan bi ta titin ba."

"Zan gaya maka," ta ce. "Ni ma hutu zan ɗauka ranar. Sai in zo gidanka mu wuni."