Moton da Ba Ya Son Gaisuwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A shekarun nan da ƙasa ta fara tsayuwa da ƙafarta, tuta sabuwa fil, ko gadar kogi ba a yi ba tukuna a Yamai, akwai wani mutum a unguwar Zongo ana ce da shi Halidu. Mutumin Dogon Dutse ne, neman abinci ya kawo shi birni. Sana'arsa kifi. Da sassafe zai tafi Tondibia, can bakin kogi, ya saro ɗanyen kifi wurin masunta, ya kawo wa matan kasuwa tun rana ba ta yi zafi ba.

Da can da keke yake fama. Sai wani Bature mai awon hanya zai koma gida, ya sayar masa da motonsa. Moto ne, wato babur, na shiga daji, dogo, tayoyinsa da haƙora, kukansa kamar na rina. Irin wanda ake haɗa wa isansi, wato fetur, da man inji a tanki guda ne, ya sha su tare. Wannan haɗin kuwa Inna Tabawa ke yi masa, wata tsohuwa a bakin layinsu. Rayuwarta duk man gyaɗa ta sayar, sai da mijinta ya rasu ta gaji rumfarsa ta kwalaben isansi. Son Halidu take kamar ɗan cikinta, don shi ya kama mata aka rufe rumfar da sabon zana.

To, ana nan ana nan, moto ya tsiro da wani hali. In yana gudu, lafiya lau. Amma da Halidu ya saki hannun ba da wuta, sai ya yi tari, ya yi tari, ya mutu. In kuwa ya mutu da zafinsa, ko za ka buga shi har ƙafarka ta kumbura, ba ya tashi sai ya huce. Kifi kuma yana kwando, rana tana bisa.

Kun san kuwa hannun ba da wuta a dama yake. Can Tondibia, a kan gangaren da ke hawowa daga kogi, akwai wata itaciyar gawo inda Baba Issoufou, babban masunta, ke zama yana ɗinkin koma. Duk mai wucewa sai ya tsaya ya miƙa masa hannu. Halidu ma haka ya saba. Da moto ya kwantar da shi a gindin gawon nan rannan, kifi ya fara wari kafin ya isa kasuwa, sai ya shiga wucewa a guje, dama tana riƙe da wuta, ya ɗaga wa tsoho hagu.

Hagu fa!

Wata Talata tsohon ya sauko bakin ruwa da kansa, ya tarar da Halidu yana ɗaure kwando.

"Fofo, Baba," in ji Halidu, ya durƙusa yana gaishe shi da Zabarmanci.

"A'a, ashe kana da dama? Ni na ɗauka kada ya cinye ta."

"Baba, wallahi ba ni ba ne, moton ne. In na sake shi mutuwa yake."

"Ni ban san ƙarfe ba, ɗan Hausa. Amma jakina, in na ce masa tsaya, tsayawa yake, bai taɓa mutuwa don an gaisa ba. Jama'a suna kallo kana yi mini hagu kamar mai korar kaji. Na ba ka zuwa Juma'a. In ka sake wuce ni haka, kifin yarana na Yakuba mai jaki ne. Shi jinkiri gare shi, amma ya iya gaisuwa."

Halidu ya dawo gida, bai ko nemi fura ba. Ya jawo moto inuwar zaure, ya shimfiɗa tsohon buhu, ya zube 'yan ƙarafansa. Matarsa Balkisa tana tankaɗe daga gefe, tana satar kallonsa.

"Maigida, yau kuma kishin me ya tashi? Ka ci abinci mana."

"Ni da shi ne. Ko ya koyi ladabi, ko na koma keke."

Ya fara da 'yar kusar nan da Bature ya nuna masa a jikin karbiratar, wadda ke riƙe numfashin inji in yana tsaye, abin da suke kira ralanti. Ya murɗa ta da turnabis kaɗan-kaɗan, yana kasa kunne. Moto ya ɗaga murya kamar zai tashi sama, ya mayar da ita baya, moto ya yi tari ya mutu. Babu tsaka-tsaki. Ya kwance buji, mai ba inji tartsatsin wuta, ya ga bakinsa baƙi ƙirin, jiƙe da maiƙo. Ya goge shi tas, ya kankare. Ya buɗe karbiratar ɗin, ya fitar da ɗan bututun nan mai ƙaramar kafa kamar ta allura, ya ɗaga shi sama, haske ba ya ratsawa. Ya wanke da isansi, ya yi ta busawa har kumatunsa suka yi tsami. Ya fito da matatar iska ya kaɗe mata yashin Tondibia. Ya mayar da komai, ya buga.

Moto ya tashi, ya zauna da kansa, tut-tut-tut. Balkisa ta yi guɗa.

Washegari aka je Tondibia lafiya. A dawowa, tun kafin gangare, Halidu ya gwada sassauta hannu, ya ji tarin nan ya dawo. Allah ya taimake shi tsoho ya tafi jana'iza a ƙetare, gindin gawo ba kowa. Da ya iso gida ya kwance buji: baƙi ƙirin, kamar bai taɓa goge shi ba.

Ya zauna ya zuba wa abin ido. Bai yi zuciya ba. Ya ce a ransa, abin da aka wanke jiya ya ƙazantu yau, to ƙazantar zuwa take daga wani wuri. Ya haɗa kumfar sabulu ya shafa a wuyan inji, ko iska na satar shiga ta wata kafa. Babu. Ya bi waya ɗai-ɗai da yatsa. Lafiyarsu ƙalau.

Sai ga Balkisa da rigarsa a hannu.

"Dubi bayan rigar nan. Sabuluna ya ƙare a kanta. Kai da moton nan ko ƙosai kuke toyawa a hanya? Hayaƙinsa ma ya kori sauron gidan nan duka, har maƙwabta suna godiya."

Halidu ya karɓi rigar. Ɗigo-ɗigon baƙin mai ne tun daga wuya har ƙugu. Ya sa yatsa a bututun hayaƙi, yatsa ya fito yana nasoso. Ya ce, "Mai ya yi yawa. To ta ina? Awo ɗaya ne Bature ya nuna mini, shi na nuna wa Inna, gwangwanin tumatir har na yanka mata daidai."

Ranar Alhamis ya tura moto rumfar Inna Tabawa. Kullum in ya zo, miƙa mata galan yake ya wuce gaisawa da teloli, don tsayawa kan mai awo kana kallon hannunta rashin kunya ne. Yau sai ya yi kamar takalminsa ya tsinke, ya durƙusa nan kusa. Inna ta zuba isansi. Ta cika gwangwani da man inji ta juye. Sannan ta waiga hagu da dama, ta karkata kwalbar mai, ta ƙara wani, mai kyau, ba awo.

"Inna, wannan na biyun fa?"

"Gyara ne, ɗan nan. Rufe bakinka kada sauran su ji, kai kaɗai nake yi wa. Da kaɗan nake sawa, da na ji yana tari na ce yunwa ce, na ƙara hannu. Ina aka taɓa ganin abin da mai ya ɓata?"

Halidu ya ji dariya da kuka sun taso masa tare. Ga ciwon, ga mai shi. Amma mayar wa tsohuwa gyaranta, ai gara ka mare ta a kasuwa. Ya sosa ƙeya.

"Inna, Allah ya saka da alheri. Sai dai wannan moton ɗan gidan Nasara ne, cikinsa ba ya ɗaukar maiƙo. In ya sha da yawa shaƙewa yake. Gyaran nan kuwa ba zan bar miki shi ba, nawa ne. Zuba mini shi a 'yar kwalba daban, in riƙa shafa wa sarƙarsa, ita ce ke kuka da yashi."

"Ikon Allah! Ashe ɗura nake yi masa. Shi ya sa duk suke a bushe, su da ƙarafansu. Kawo kwalbar."

Ya koma gida ya juye tanki kakaf, ya sake wanke buji da ɗan bututun nan, ya ƙone maiƙon bututun hayaƙi a wutar kara. Ya zuba sabon haɗi na awo guda. Sannan ya koma kan kusar ralanti, yana murɗawa yana saurare, har muryar inji ta zauna daidai.

Juma'a ta yi. Halidu ya hawo gangare da kwando cike, ga Baba Issoufou a gindin gawo, ga masunta sun taru kamar ana rabon gado. Ya taka birki, ya sa ƙafa ƙasa. Ya buɗe yatsunsa, ya saki hannun wuta, ya miƙa dama, hagu tana dafe da ƙirji.

Tsoho ya kama hannun, ya ƙi saki. Ya tambayi gida, ya tambayi Balkisa, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Dogon Dutse da daminarsu, har da wata akuya da Halidu ya sayar tun bara. Yana tambaya yana kallon moto ta wutsiyar ido. Moto kuwa yana nan, tut-tut-tut, bai ko yi atishawa ba.

"To," in ji tsoho, ya saki hannun. "Ya yi hankali. Tafi kada kifina ya lalace."

Halidu ya ci gaba da ɗaukar kifin Tondibia har tsufa ya hana shi hawa. Baba Issoufou ya rasu a damina ta gaba, Halidu na cikin masu ɗaukar makara. Yakuba ya koma dakon itace da jakinsa. Balkisa ta huta da wankin maiƙo. Inna Tabawa kuwa ba ta fasa ba shi gyara a 'yar kwalba ba har ta bar duniya, sarƙar moton nan ba ta taɓa yin tsatsa ba.