Hannun Kafinta na Dama

"Wa ya cire masa na'urar?" Direba ya tambaya tun bai gama tuɓe takalmi ba.

Babban ɗan Kafinta ya sosa ƙeya. "Ni ne, Baba Direba. Mutum na kwance rai a hannun Allah, a bi a lilliƙa masa wayoyi kamar tsohuwar rediyo? Masu dubiya sai kallo suke."

"Su yi ta kallo mana! Su ke jin ciwon?"

Kafinta na kwance jikin taga, ya rame ya lalace. Hanta ce ta kayar da shi, likita ma ya ce a mayar da shi gida. Amma ba ita ke sa shi cije leɓe ba. Hannunsa na dama ne, wanda injin tsaga katako ya cinye tun yaran na firamare. Hannu ya tafi, ciwo ya ce yana nan daram. Kullum a dunƙule yake jin sa, farata na nutsewa cikin tafin da babu shi.

Katanga ɗaya ta raba su, don haka Direba ya sha jin nishin nan. Shi ya yi ta jigilarsa zuwa asibiti har aka ba shi 'yar na'urar, ba ta fi sabulun wanka ba, da faci biyu da ake mannawa a dungulmin. Wuta kaɗan take aika wa jijiya, zir-zir, sai dunƙulen ya saki.

"Direba," Kafinta ya ce da ƙyar, "ban taɓa naushin kowa ba. Kada ka bari in tafi da shi a dunƙule."

"Kai dai rigimamme ne, ko tafiyar ma sai ka kafa sharaɗi."

Wasa ya yi, amma wallahi zuciyarsa ta karye. Ya juya wajen ɗan. "Miƙo min ita."

Facin ya bushe, ya ƙi kamawa. Ya shafa masa ruwa, ya sake faɗowa. Direba ya yi tsaki, ya ce wa matar Kafinta, "Maman yara, samo min filasta." Babu. Nan take ta yage gefen ɗankwalinta ta ba shi. Ya ɗaure tamau, ya murɗa maɓallin.

"Ka ji?"

"Ƙara."

Ya ƙara. Ɗan ya matso zai yi magana, Direba ya zabga masa harara, ya koma ya zauna.

Sun jima a haka. Can Kafinta ya sauke numfashi. "Ƙaramin yatsan ya miƙe. Ga na kusa da shi nan." Goshinsa ya warware. "Alhamdulillahi, ya buɗe. Kawo hannunka mu gaisa."

Direba ya kai hannu ga na hagu.

"Haba, maƙwabci. Da hagu?"

Direba ya saki na hagun. Ya miƙa hannu gaban dungulmin, inda babu komai sai zanen gado, ya riƙe.

"Hannunka ya yi kaushi," in ji Kafinta.

Daga nan bai ƙara cewa komai ba sai kalmar shahada, ɗan na laƙƙana masa cikin kuka. Har matar ta shafe masa ido, hannun Direba na nan kan zanen, yatsunsa a lanƙwashe.