Ranar da Na Kori 'Yan Dubiya

Ni ce na hana dangi ganin ƙanena Mujtaba, kuma har gobe ban yi nadama ba.

Manomin shinkafa ne a Argungu, ƙato guda, sai ga zazzaɓi ya ƙi sakinsa, dasashi yana ta jini. A asibiti a Birnin Kebbi aka ce sankarar jini ce, mai saurin ci. Aka ɗebi ɓargonsa aka aika gwaji, don likita ta ce cutar hawa uku ce: mai jin magani, tsaka-tsaki, da mai taurin kai wadda sai an yi dashen ɓargo. Kafin sakamako ya dawo aka fara magani. Maganin kuwa ya kwantar da garkuwar jikinsa, shi ya sa da aka sallamo shi zuwa gidana a Gwadangaji likita ta ja mini kunne: mura kaɗai ta isa ta kai shi kabari. Ban da 'yan dubiya.

To, wa zai gaya wa mutanen Argungu haka? Mota guda suka ciko, Gwaggo Riskuwa a gaba, da fura da busasshen kifi, tana tari kamar tsohon injin ban ruwa. Na ja kujera na tare ƙofa.

"Balaraba, ni za ki hana ganin ɗana? Ni nir rene shi hwa!"

"Gwaggo, yi mai addu'a daga nan, yana jin ki."

"Birni ya ɓata ki," in ji ta. Ko ruwa ba ta sha ba ta juya.

Na shiga madafa na yi kukana. Sati uku babu wanda ya kira ni.

Ranar da muka koma asibiti, likita ta daɗe tana duba takarda kafin ta yi murmushi. Mai jin magani ce. Jininsa ya farfaɗo, da sauran magani a gaba, amma babu maganar dashe. Na zauna a ƙasa ina hamdala.

A nan na kira Gwaggo. Da na gaya mata, sai na ji tana shassheƙa.

"Gobe muna tahe," ta ce. "Mu sha huɗu."

"Likita ta ce bibbiyu, kuma mai tari ya dakata."

"Na warke, ja'ira. Mu yi layi. Ke dai aza tukunya."